Labarin kofi da labarin zanga-zanga a mako guda, wanne za a sa gaba?

Ɗan'uwa, in na gane tambayarka, kai ke riƙe da shafin ƙungiyar ɗalibai, 'yan ƙwallonku sun ɗauko kofi kuma a satin nan za a fita zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta, kana tsoron a ce kuna shagali mutane na kuka.

Ni dai a ganina ka buga duka biyun amma kar ka cusa su a rubutu ɗaya. Yaran nan sun sha tirenin da asuba kafin lakca, wasu ma su ne ba su gama biyan rajista ba, haƙƙinsu ne a sa hotonsu da sunayensu.

Na zanga-zangar ne ke son natsuwa. Faɗi abin da kuke nema ƙarara, nawa aka ƙara, wa za a miƙa wa takarda, ina za a taru, ƙarfe nawa za a watse. A Ingila a 2010 dubban ɗalibai sun fito kan ƙarin kuɗi zuwa fam 9,000, wasu tsiraru suka fasa gilasan ginin Millbank da ke Landan, inda hedikwatar jam'iyyar Conservative take a lokacin, shikenan labari ya koma kan ɓarna, majalisa kuma ta amince da ƙarin. A Afirka ta Kudu kuwa a 2015 matsin ɗalibai ya sa aka fasa ƙarin kuɗin 2016.

Kar ka sa fuskar kowa cikin masu zanga-zangar ba izininsa, kar ka yaɗa jita-jitar WhatsApp. In an kama wani ko an aiko masa takardar kora, ku nemi lauya tun kafin ya sa hannu a komai.