Tambaya da Amsa: Nawa Za Mu Ware Wa Abinci A Disney Idan Ba Mu Sayi Tsarin Biyan Kuɗi Tun Daga Gida Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ce Maman Amira daga Gwarimpa, Abuja. Za mu kai yara Walt Disney World da ke Orlando a hutun ƙarshen zangon karatu, bizarmu tana hannu. Mu shida ne: ni, maigida, surukata, da yara uku masu shekara 12, 10 da 6. Kwana bakwai za mu yi, biyar a wuraren wasa. Mai shirya mana tafiya ya so mu sauka a otal ɗin Disney mu haɗa da tsarin abincinsu da ake biya tun kafin a tafi, amma maigida ya ce a'a, ya kama mana gida mai kicin a Kissimmee. Yanzu tsorona kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago. Nawa ya kamata mu ware wa abinci, kuma yaya batun halal?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Maman Amira. Kwantar da hankalinki, maigidan bai yi kuskure ba. Da ni aka tambaya, da abin da zan ce ke nan.

Bari mu fara da abin da kuka bari, don ki san darajarsa. Tsarin abincin na Disney ba a sayar wa kowa sai wanda ya sauka a otal ɗinsu, kuma dole a saya wa duk wanda ke ɗakin, na duk dararen da za a yi. An dakatar da shi a 2020 lokacin korona, ya dawo a Janairun 2024. A shekarar da ya dawo, ƙaramin tsari, mai abinci biyu na kanti da abin taɓawa ɗaya, kusan dala 57 ne ga babba a kowane dare, yaro kuma kusan 24. Babban tsari, wanda ya haɗa da zama a teburi sau ɗaya, kusan dala 94 ne ga babba, yaro 30. To ga inda gizo ke saƙar: a wurin Disney yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9. Ɗan shekara goma babba ne, a tikiti da a akushi. Ke nan manya biyar gare ki, yaro ɗaya. Ki lissafa: ƙaramin tsari ya kai dala 309 a dare, sama da 2,100 a mako, babban kuwa dala 500 a dare, 3,500 a mako, ban da tukuicin masu kawo abinci. Sannan cikin kuɗin an saka giya ga duk wanda ya kai shekara 21. Mutum zai iya karɓar lemo a madadinta, amma kuɗin ba ya raguwa. Gidan da ba a shan giya, kuma ake tsame-tsame a nama, da wuya ya ci kuɗinsa a wannan tsari.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya zo ofishina shi ne: a cikin wurin wasa, abinci ɗaya kacal za ku riƙa saya a rana. Karin kumallo a gida, abincin dare a gida, na rana ne kawai Disney za su ga kuɗinku. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Ranar da kuka sauka, kafin ma a buɗe akwati, ku tsaya Walmart ko Publix, manyan shagunan cefane na can. Shinkafa, taliya, ƙwai, biredi, madara, shayi, man girki, tumatir, albasa, ayaba, tuffa, da katan biyu ko uku na ruwan gora. Ruwan nan ki ba shi muhimmanci. Gora ɗaya a cikin Disney tana kai wajen dala huɗu, kuɗin da bai yi nisa da na katan guda a Walmart ba. Orlando tana da Musulmi da yawa, akwai shagunan naman halal, ki nemi mafi kusa da masaukinku a taswirar waya ki sayi kaza da nama na mako gaba ɗaya. Ga mutum shida, na kan ware wa cefanen nan dala 350.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba: Disney ba ta hana shiga da abincin gida. An yarda da abinci da abin sha marar giya, muddin ba a cikin kwalba yake ba, kuma ba ya buƙatar ɗumamawa. Ƙanƙara a warwatse ce aka hana tun 2019, amma gorar ruwan da kika daskarar a firiza tana wucewa, ita ce kuma za ta sanyaya miki kular, da azahar ta narke a sha. Kular kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsayi. Ni dai ban ba da shawarar a kai wannan girman ba, don wanda zai goya ta tun safe har dare shi zai gaya miki. Jakar baya biyu sun isa: biredi da ƙwai dafaffe, cincin, gyaɗa, dabino, 'ya'yan itace. Dafa-duka kuwa ki yi hattara. Zafin Florida a Yuli da Agusta yana wuce maki 32, ga gumi kamar Legas, shinkafar da aka zuba a roba da asuba kan iya juyawa kafin la'asar. In za a ɗauka, a sa a ƙaramar kula mai riƙe zafi, a cinye da wuri. Kuma duk kantin abincin gaggawa da ke da injin lemo zai ba ki kofin ruwan sanyi kyauta in kika roƙa. Ba abin kunya ba ne, Amurkawan ma haka suke yi.

Kada ki ɗauka kamar Magic Land ne na nan kusa da ƙofar shiga Abuja, inda in yunwa ta taso sai a leƙa mota a ɗauko kula. A Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney, tsakanin inda ake ajiye mota da ƙofar shiga akwai tafki, sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa na sama. Zuwa da dawowa zai cinye muku awa guda daga ranar da kuka saya da tsada. Abin da ba ya bayanku, ku ɗauka babu shi.

Yanzu abincin rana. A kantunan da ake yin oda a tsaye a ɗauki faranti, na babba yana kamawa daga wajen dala 12 zuwa 18, na yara wajen 8. Farantin Amurka ba ƙarami ba ne. Surukarki da ɗan shekara goma za su iya ƙoshi da na yara ko su raba ɗaya, kuma a irin waɗannan kantunan ba mai tambayar shekarun wanda zai ci. Ni a lissafina, na manya huɗu da na yara biyu, da haraji, dala 85 ke nan. A bar lemo, a sha ruwa. Lemo shida a kowane zama ya kusa kuɗin faranti biyu.

Harajin nan yana ba baƙi mamaki. Farashin da kika gani a allo ba shi za ki biya ba. A yawancin Disney ana ƙara kashi 6.5 cikin ɗari a wurin biya, a yankin Kissimmee kuma 7.5.

Sai abin da ya fi cinye kuɗin mutane, wanda ba sa rubutawa a lissafi: kayan kwaɗayi. Ayis kirim mai kunnuwan Mickey, gugguru, sanyin abarba da suke kira Dole Whip. Kowanne wajen dala shida ne ko sama, kuma kowace kusurwa akwai amalanken da ke sayarwa. Ba zan ce ki hana ba. Yaron da aka ɗauko daga Abuja har Amurka aka hana shi ayis kirim ɗin Mickey, abin da zai tuna ke nan har ya girma. A yi yarjejeniya tun a gida: kowa abu ɗaya a rana, shi zai zaɓa, shi zai zaɓi lokacin. Dala 40 ta ishe ku. Gugguru kuwa ki sayi bokitin roba sau ɗaya a ranar farko, ana sake cika shi da 'yan daloli kaɗan har ku tafi, ya kuma zama tsaraba. Manyan yaran biyu ki ba kowa kason sa na mako a hannu, ko a katin kyauta na Disney. Za ki sha mamakin yadda ɗan da ke cewa "Mama saya min" ke zama ɗan kasuwar Wuse da zarar kuɗin ya zama nasa.

Abincin rana 85, kwaɗayi 40: dala 125 a kowace ranar wasa, 625 a kwana biyar.

Akwai tambayar da ba ki yi ba amma na san za ta taso: cin abinci tare da su Mickey, inda masu shigar 'yan tsana ke zagayowa teburi ana hoto. Yana da daɗi, musamman ga ƙaramin, amma a shiga da ido buɗe. Yawancinsu kuɗi ɗaya ne a kan kowane kai, ko ka ci ko ka lasa, wajen dala 60 ga babba, 40 ga yaro, wasu ma sun fi haka. Ku 340 ke nan. A ɗora haraji. A ɗora tukuici, wanda a Amurka ba alheri ba ne, da shi ma'aikatan ke rayuwa. Kuma da yake ku shida ne, Disney da kanta za ta saka kashi 18 cikin ɗari a takardar biya, don haka ki duba kada ki biya sau biyu. Zama ɗaya ya tashi wajen dala 425. In za a yi, a yi sau ɗaya. Na karin kumallo ya fi sauƙin kuɗi, kuma in aka kama na hantsi sosai ya tsaya a madadin abincin rana. Ana buɗe kama wuri kwana 60 kafin ranar, masu farin jini suna cika da wuri, kuma wanda ya kama bai zo ba, bai soke ba, za a cire masa dala 10 a kan kowane mutum.

Batun halal yana shafar aljihu fiye da yadda ake zato, don farantin da aka saya aka gano da naman alade a ciki asara ce. Alade yana ɓuya a wurare da yawa: a kan fiza, a cikin karin kumallo, wani lokaci har a cikin wake ko ganye. Wasu miyoyin kuma da giya ake haɗa su. Gidajen cin abinci na zama suna karɓar buƙatar abincin halal idan an sanar tun kafin ranar, a rubuta lokacin kama wuri, a kuma maimaita wa mai kawo abinci. A kantunan gaggawa, mafi sauƙi shi ne kifi, jatan lande, fiza mai cuku zalla, da abincin da aka sa wa alamar ganye a jerin abinci, wanda ke nufin babu komai na dabba a ciki. Hukuncin kaza da naman shanun da ba a san yankansu ba, wannan ku tambayi malaminku tun a Abuja, ku tafi da matsaya ɗaya. Na ga miji da mata suna wannan muhawara a gaban kanti, layi na jira a bayansu.

Ki sauke manhajar My Disney Experience tun yanzu. Jerin abincin kowane kanti yana ciki da farashinsa na yau. Dare ɗaya ki zauna da maigida ku zaɓi inda za ku ci a Magic Kingdom, da EPCOT, da Hollywood Studios, da Animal Kingdom, ku maye gurbin alƙalumana da na ranar, don farashi yana motsi kusan kowace shekara.

In aka haɗa: ranakun wasa 625, cefane 350, ranakun hutu biyu da wataƙila za ku ci a wani gidan abincin halal a gari 150, filayen jirgi zuwa da dawowa 100. Dala 1,225 ke nan. A ƙara kashi goma na ko-ta-kwana, a ce 1,350. In an saka zaman su Mickey, a cire abincin rana na ranar, ya kai wajen 1,700. Ko da shi ɗin, ba ku kai kuɗin ƙaramin tsarin da kuka bari ba.

Ki yi lissafin da dala, ki daina juya shi zuwa naira a gaban kanti, in ba haka ba ruwa ma ba zai wuce miki ba. Juyawar a yi ta sau ɗaya, ranar da aka je canji a Zone 4 ko banki. Daga nan kuɗin kowace rana ya shiga ambulan ɗinsa, abin da ya rage yau ya koma na gobe. Katin banki kuma a tambayi iyakar abin da zai iya kashewa a ƙasar waje kafin a tashi.

Saura akwatin surukarki, don na san tsofaffinmu ba sa tafiya hannu rabbana. Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, duk ba sa shiga Amurka, haka ma dunƙulen ɗanɗano mai ɗauke da sinadarin nama ko kaza. Wata da na shirya wa tafiya ta yi odar kilishi mai tsada, tana kallo aka jefa shi a kwandon shara a filin jirgi, ta tsira daga tara ne kawai don ta faɗa da bakinta cewa tana ɗauke da shi. Busassun kaya irin su yaji, kuka da kuɓewa galibi suna wucewa, amma ƙa'idar ita ce a bayyana wa jami'in kwastan duk wani abin ci da ke jaka, shi ya yanke hukunci. Ɓoyewa kan jawo tarar da doka ta ba da damar ta kai dala 10,000. Ki ɗaure su a leda mai haske, ki rubuta sunan kowanne, ki sa su a saman akwati. Garin masara kuwa yana nan a shagunan can, tuwon surukarki na dare ba zai yanke ba.