Amsa ga ɗan uwan da za a kai Wat Pho

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da na aje waya na yi shiru, domin abin da kake tsoro shi ne ya hana ni barci a zangona na farko na karatu a Bangkok, babban birnin Thailand. Ka ce makaranta za ta kwashi ɗalibai baƙi zuwa Wat Pho da Wat Phra Kaew, wuraren ibadar mabiya addinin Buddha, kana tsoron a sa ka yi wa gunki sujada, har kana tunanin ka ce ba ka da lafiya. Ni ma haka na so yi, amma na je, kuma babu wanda ya ce min in durƙusa, ko malamarmu da ta yi nata sau uku goshi a ƙasa ba ta waiwayo ta dube ni ba. Su sau ukun nan ɗaya na Buddha ne, ɗaya na koyarwarsa, ɗaya na jama'ar sufayensu, shi ya sa ma za ka ga turaren tsinke guda uku suke kunnawa, da kyandir da furen bado. Kai dai kar ka karɓa in an miƙo maka a bakin ƙofa, ka yi murmushi ka ce kai Musulmi ne, sun san Musulmi sarai, kudancin ƙasarsu cike yake da su.

Abin da ya ci ni ba su ba ne, namu ne. A Wat Pho bayan mun zagaya ƙaton gunkin Buddha da yake kwance, mita 46 tsawonsa an lulluɓe shi da ruwan zinare, ga kwanukan tagulla 108 a jere mutane na zuba tsaba ƙarar na tashi kamar ruwan sama a kan kwano, sai muka shiga babban zauren da suke zama. Doka ce in ka zauna ka naɗe ƙafa ta baya, ba a miƙe tafin ƙafa wajen gunkin ko wajen mutum, babban cin fuska ne a wurinsu. To na zauna don zafi ya gallabe ni, tabarau ɗina ya faɗi, na sunkuya in ɗauka. Daidai nan wani da muka zo daga gida tare, muke cin tuwo a kwano ɗaya a ɗaki, ya ɗauke ni hoto ya ɗora a sitatus wai "Malam ya canza sheƙa". Wai wasa! Kafin la'asar hoton ya isa gurup ɗin danginmu. Kawu ya kira ni ko sallama bai amsa ba, sai cewa ya yi in sake kalmar shahada yana ji. Hajiya kuwa kuka kawai take, tana cewa dama ta ce kar a tura ni ƙasar da ba a sallah. Kwana uku ina rantse-rantse a waya kamar ɓarawon akuya. Shi kuwa gogan da na tare shi cewa ya yi na cika ɗaukar zafi, har yau ɗin nan bai ce min yi haƙuri ba, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu yana dariya. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Don haka ka kula da masu kamara fiye da masu mayafin ruwan goro. Sufayen nan ba ruwansu da kai. Da asuba za ka gan su ba takalmi da ƙoƙonsu suna bin layi mutane na zuba musu shinkafa, bayan rana ta take kuma ba sa cin abinci sai gobe, dokoki 227 ne a kansu. In akwai mata a cikinku ka gaya musu kar su taɓa su ko su zauna kusa da su a mota. Wani zai so ya yayyafa maka ruwa ko ya ɗaura maka farin zare a wuyan hannu, wannan addu'arsu ce, ja baya kawai a hankali. Maganar hukuncin shiga wurin kuwa ka kira malaminka na gida tun kafin ranar, ka kuma gaya wa iyayenka da bakinka cewa za a kai ku, da na yi haka da ban sha abin da na sha ba.

Sa dogon wando da riga mai hannu, kaftani ma ya fi, a Wat Phra Kaew ba sa wasa da sutura tunda cikin fadar sarki yake. Gunkin can ɗan ƙarami ne kore, bai kai mita ɗaya ba, sau uku a shekara sarki ke canza masa kaya, na zafi da na damina da na sanyi, kuma ba a hoto a ciki. Takalmi a waje, dokin ƙofa a tsallake shi ba a takawa. Sannan in mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun can, ya tare ka ya ce yau a rufe ake, ƙarya yake, shagon gwala-gwalai ko na tela zai kai ka.

Azahar za ta same ku a can, ka tafi da alwala. Ni masallacin Haroon da ke unguwar Bang Rak na tafi bayan an sallame mu, ta jirgin ruwan kogin Chao Phraya ba nisa, kuma akwai masu abincin halal a lungun. Wace rana ce ma tafiyar taku? In Juma'a ce ka nemi izini tun yanzu.