Kafin ka danna sabuntawa

Ka tambaye ni ko za ka bar kwamfutar teburin da aka kawo jiya ta yi sabuntawar da take nema, tunda Windows ce da kanta ta fito da saƙon. Ɗana, idan na'urar ta ƙi tashi gobe, mai ita ba zai tafi Amurka neman Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, ba, ƙofar shagon nan zai tsaya yana kiran sunana.

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a gefen babbar kasuwa da ya taɓa kawo mini tasa don in canza mata fanka kawai. Da na gama sai na ga sabuntawa tana jira, na ce bari in kyautata masa, na danna ba tare da na tambaye shi ba, kuma ban kwafe komai a faifan waje ba. Lokacin zafi ne, batirin ajiyar wutarmu ya mutu, kuma aikin yana tsaka wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfutar ta ƙi tashi, faifan da dama ya tsufa ya ƙarasa lalacewa. Alhaji ya zo da mutane biyu, ya rantse cewa duk sunayen masu bashinsa suna ciki, har da na ƴan Jibiya da Katsina, ya ce na kashe masa kasuwa. Na saya masa sabon faifai, na kwana uku ina ƙoƙarin ceto fayilolinsa, dattawa kuma suka sa na ƙara masa jaka 60 don a zauna lafiya. Bayan wata biyu yaronsa ya shaida mini cewa duk basukan suna rubuce a babban littafin da ke ƙarƙashin kanta, ko dala ba ta ɓace masa ba. Har yau idan muka haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara miƙo mini hannu.

Ku yaran yanzu kun saba da waya, inda ake danna komai a wuce, shi ya sa kuke ganin duk abin da kamfani ya aiko ba ya kuskure. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ta janye sabuntawar Windows 10 da ta fitar saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu. Kada kuma ka ɗauka ina cewa a ƙi sabuntawa, domin cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta watan Mayu na 2017 ta kama waɗanda suka ƙi sa gyaran da aka fitar tun watan Maris.

Yadda ake kwafe fayiloli ba zan zauna koya maka ba, shekararka biyu a nan. Abin da nake so ka riƙe shi ne Windows tana barin ka dakatar da sabuntawa har mako biyar, kuma bayan babbar sabuntawa kwana 10 kawai ke gare ka na komawa tsohuwar. Saboda haka ka dakatar da wannan, ka kira mai ita ka ji ko tsohuwar na'urar buga takardunsa tana da direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfutar, wanda zai yi aiki bayan sabuntawar. Idan ya amince, ya rubuto maka a WhatsApp, ba na karɓar "ai na ce" ta baki.