Jirgin Ƙasa na Cikin Gari a Yamai: Zafi da Rairayi Za Su Bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. A Harobanda nake zaune, wurin aikina kuma yana tsallaken kogi. Kullum da safe sai mun sha cunkoso a gadar Kennedy, faba-faba, ƙananan bas ɗin haya, a cike maƙil, kuɗin taksi kuma ya fi ƙarfin talaka idan sai ya hau biyu kafin ya isa. Wani ƙanena da ya zauna a Aljeriya ya ce a garin Wargila, tsakiyar hamada, akwai jirgin ƙasa mai lantarki da ke bin titin gari. Irinsa zai yiwu a Yamai, da wannan zafi namu da ƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka. An buɗe jirgin Wargila a watan Maris na 2018, tsawon hanyarsa ya kusa kilomita 10, kuma tun daga masana'anta aka ƙera taragunsa don hamada. Dubai ta buɗe nata a 2014. Birnin Finiks na Amurka, wanda bazararsa ba ta fi tamu sauƙi ba, ya buɗe layin kilomita 32 a ƙarshen 2008. Saboda haka zafi da rairayi ba su ne za su hana mu ba, tsadar aikin kawai suke ƙarawa.

Ƙarfen dogo yana miƙewa idan ya sha rana. Dogo mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai nemi ƙarin tsawo na kusan santimita 35. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar Yamai ke haura digiri 40, ƙarfen da ke kwance a rana ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Idan bai sami wurin miƙewa ba sai ya lanƙwashe gefe. Maganinsa sananne ne: ana ɗaure dogon a daidai wani ma'aunin zafi da aka lissafa tsakanin sanyin Janairu da zafin bazara, a kuma binne shi cikin kankare a cikin gari. Wayar lantarkin da ke sama ita ma tana saki da rana. Shi ya sa za ka ga tarin nauyi rataye a jikin wasu turakun, yana jan wayar ta zauna a miƙe.

Rairayi ya fi zafi naci. Dogon cikin gari yana da kwarmi a jikinsa inda bakin ƙafar jirgi ke bi, kuma nan ne ƙasa ke taruwa. Ta cika kwarmin, ta toshe mahaɗar da jirgi ke sauya layi, ta riƙa cin ƙafar ƙarfe a hankali kamar dutsen wasa wuƙa. Dole a sami motar da ke zuƙe ƙasar kullum, da ma'aikatan da ke wanke matatar iskar na'urar sanyi a lokacin hunturu. Mu kuma muna da abin da Wargila ba ta da shi, wato damina mai zubo ruwa da yawa cikin ɗan lokaci. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2024 ya san cewa magudanar ruwa za a fara ginawa kafin a shimfiɗa dogo.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Irin wannan jirgi yawanci da lantarki mai ƙarfin bolt 750 yake tafiya, kuma idan wuta ta ɗauke, taragu cike da mutane za su tsaya cik a tsakiyar mararraba, cikin rana, ba sanyi. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma duk mun ga halin da Yamai ta shiga da aka yanke layin a watan Agustan 2023. Tashar lantarki ta Goru Banda da gonar hasken rana mai megawat 30 da ke gefenta sun rage matsalar, madatsar Kandaji mai megawat 130 kuwa ana jiran kammala ta. Jirgin gari yana buƙatar layin wuta nasa na kansa wanda ba ya shiga rabon unguwa-unguwa.

Sai kuɗi, kuma kuɗin gini ba shi ne mai wuyar ba, domin ana samun mai ba da bashi. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 kan dala miliyan 475, mafi yawansu bashin bankin Sin, da jirage 41. Kafin a cika shekara goma fiye da rabinsu suna ajiye a gareji saboda rashin kayan gyara, waɗanda sai da kuɗin waje ake sayo su. Kuɗin tikiti ba ya riƙe irin wannan aiki, balle a garin da dole tikitin ya yi gogayya da kuɗin faba-faba. Mutanen Finiks sun gane haka tun da wuri: a shekarar 2000 suka kaɗa ƙuri'a suka amince da ƙarin haraji kan saye da sayarwa don sufurin gari, shekara takwas kafin jirgin farko ya tashi. Mu ma muna da darasi a gida. An ƙaddamar da tashar jirgin Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 140 zuwa Doso, amma bai zama hanyar jigilar yau da kullum ba. Raina yana ɓaci duk sanda na bi ta gefensa.

Yadda garin ke girma ma abin dubawa ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga nan gari faɗi yake yi, gida-gida a ƙasa, yana cin gonaki. Jirgi guda yana ɗaukar mutum 200 ko fiye, abin da faba-faba goma ba za su kwashe ba, don haka ba ya biyan kansa sai a hanyar da jama'a ke kwarara safe da yamma. Irin waɗannan hanyoyi kaɗan ne a nan: daga filin jirgin sama na Diori Hamani zuwa Babbar Kasuwa ta hanyar unguwar Talaje, daga Lazare zuwa Katako, sai taku ta Harobanda mai ɗauke da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni. Taku ce mafi wuya, saboda kogi. Gadar Kennedy ta 1970 hannu biyu kawai gare ta, ba a gina ta don dogo ba. Ko dai a yi sabuwar gada, ko injiniyoyi su auna ko gada ta biyu, ta 2011, za ta iya ɗaukar nauyin.

A ganina, abin da ya kamata a yi yanzu shi ne a keɓe hanyar tun kafin a gine ta. A sababbin unguwannin da ake yankan filaye, a bar tsakiyar manyan tituna fili, a kuma ware babban fili na garejin gyara, domin biyan diyyar gidaje daga baya yana iya cinye kaso mai tsoka na kuɗin aikin. Sannan a sa manyan bas a wannan keɓaɓɓiyar hanya, ba taksi, ba kabu-kabu, ba amalanke. Dakar ta yi haka a 2024 da bas masu lantarki a kan kilomita 18. Masu faba-faba kuma a jawo su ciki, su riƙa kawo fasinja daga lungunan unguwa zuwa manyan tashoshi, don in an bar su a waje za su yaƙi tsarin, kuma suna da hujja, abincinsu ne. Idan bas suka cika har suka kasa, ƙididdigar fasinjansu ce za ta nuna layin da ya cancanci dogo, kuma a lokacin fili yana nan a buɗe.