Shagon gahawar da Alhaji ya gani a Adis Ababa: zai yi kasuwa a Kano?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce a hanyarsa ta dawowa daga saro kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya yada zango na kwana biyu a Adis Ababa, babban birnin Habasha, inda wani abokin harkarsa ya kai shi wani ɗan shagon gahawa a cikin unguwa, nesa da manyan otal-otal. Ɗaki ne guda, an baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, babu kujerar da ta yi kama da 'yar'uwarta, an jera tsofaffin rediyoyi da agogunan da suka daina aiki a jikin bango, wata dattijuwa kuma tana soya 'ya'yan gahawa a kasko a gaban kowa, hayaƙin lubban yana tashi. Ya ce tsawon zamansa bai ga kujera ta huta ba. Yanzu ya ware naira miliyan takwas, akwai kuma shagon haya a unguwarsu, yana so ya san ko ya buɗe irinsa.

Alhaji, barka da dawowa, Allah ya sa an sauke kaya lafiya. Amsata a taƙaice ita ce kada ka zuba miliyan takwas ɗin nan yanzu, amma kuma kada ka jefar da tunanin, domin akwai hanyar gwada shi da kuɗin da ko sun narke ba za su taɓa jarin yadinka ba.

Abu na farko da ya kamata mu rarrabe shi ne abin da ya burge ka da abin da ya cika ɗakin da mutane, domin ba abu ɗaya ba ne. Rediyoyin da agogunan su suka burge ka, kasancewarka baƙo, amma 'yan unguwar da ka tarar a zaune sun daɗe da daina ganinsu. Abin da ke kawo su al'ada ce da suka tashi a cikinta. Habasha ita ce asalin gahawar arabika, ita ce ta fi kowace ƙasa noma gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa a cikin gida ake shanye shi. A gidajensu ana soya ta, a daka ta a turmi, a dafa a butar yumɓu mai dogon wuya da suke kira jebena, a sha zagaye uku masu sunaye, abol da tona da baraka, galibi da gugguru a gefe. Ashe ke nan dattijuwar ba ta nemo masu saye ba, a ƙofar ɗakinta ta same su, aikinta kawai ta fi maƙwabciyarta iya hannu.

A Kano lamarin daban ne. Al'adarmu ta teburin mai shayi ce, da burodi da wainar ƙwai da Indomie, kuma a wurin mutane da yawa gahawa ba ta wuce cokalin Nescafé da ake ƙarawa a kofin shayi idan ana son korar barci ba. Masu son abu mai ɗaci a ƙaramin kofi kuwa suna da shayin Buzaye, wanda ake dafawa a majalisa kusan kyauta. Saboda haka kai ba gahawa kaɗai za ka sayar ba, sai ka koya wa mutane shanta a kan farashin da zai riƙe shago, kuma koyarwa tana cin watanni, watannin kuma haya ce da albashi. Ban ce babu masu saye ba. Duk wanda ya je Makka da Madina ya san gahawar Larabawa da dabino, waɗanda suka yi karatu ko zama a Sudan sun san jabana mai citta, akwai kuma matasa masu aiki da kwamfuta da ke neman wurin zama mai wuta da intanet. Tambayar ita ce ko adadinsu a unguwarku, ba a Kano gaba ɗaya ba, ya kai su riƙe shago kullum.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ina so ka yi shi da biro kafin ka yi magana da mai shagon. Kilo ɗaya na soyayyar gahawa yana ba da kofi kusan ɗari, idan ana sa giram goma a kowane kofi, sai dai ka tuna cewa ɗanyar gahawa tana rasa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta wajen suya. Ka haɗa kuɗin gahawar da sukari da citta da gawayi da ruwa, ka cire daga farashin kofi, abin da ya rage shi ne ainihin abin da kowane kofi ya bar maka. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, cewa ya bar naira 300, kuma haya da albashin yara biyu da wuta da man janareta suna cin naira dubu 300 a wata. Wannan yana nufin sai ka sayar da kofi dubu a wata, wato kusan 34 a kowace rana, kafin ka ce ba ka ci ba ba a ci ka ba. Ka sa alƙalumanka na gaskiya a madadin nawa, ka ga inda lissafin ya tsaya.

Kofi 34 a rana kamar ba wani abu ba ne, har sai ka tuna yadda muke zama. Idan kana da kujeru goma sha biyu, abokai shida suka zo bayan isha'i, kowa ya sha kofi ɗaya, suka buɗe hirar siyasa da ƙwallo har sha ɗaya na dare suna cajin waya, to rabin shagonka ya tafi a kan kofi shida. A wurin mai shayi wannan ba matsala ba ce, domin benci ne a bakin titi, kuma ribarsa tana cikin ƙwai da burodi da taliya, ba cikin ruwan zafi ba. Kai kuwa kujerar ce kake biya wa haya. Ga kuma maganar bashi, wadda a ganina ta fi komai haɗari ga shagon cikin unguwa. A Kwari kana iya hana baƙo bashi ba tare da ka ji komai ba, amma a ƙofar gida, wanda zai ce a rubuta masa abokin yarintarka ne ko ƙanin matarka, kuma bashin kofin gahawa ƙarami ne da har kunyar tambayarsa ake ji. Dole ne tun ranar farko a san cewa ana biya kafin a zauna, ko da hannu ko ta na'urar POS, kuma kai kanka idan ka sha ka biya a gaban yaranka.

Sai batun inda gahawar za ta fito. Idan ka dogara da ta Habasha, to ka ɗaura farashin kofinka a kan dala, kuma kai da kake saro kaya daga waje ba sai na gaya maka abin da ya sami naira ba tun da aka sake ta a kasuwa a watan Yunin 2023. Ita kanta gahawar ta yi tsadar da ba ta taɓa yi ba a kasuwar duniya a farkon 2025, lokacin da arabika ta haura dala huɗu a kan laba ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Ana noma arabika a tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ana kuma samun ta a yankin Jos, don haka ya dace ka nemi samfuri daga can, ka soya, ka ɗanɗana, ka kuma tabbatar wanda zai kawo maka zai iya kawo iri ɗaya a kowane wata. Injin gahawa na ƙasar waje kuwa, wanda na san wani zai ba ka shawarar saya, ka ƙyale shi. Yana jan wuta sosai, yana son ruwa mai tsabta, mai gyaransa ba ya samuwa da sauƙi, kuma ba shi ne ka gani ya burge ka ba. Kasko da turmi da buta da kurfoti su ne suka yi aikin, ƙamshin suyar ma shi ne tallar da za ta tsayar da mai wucewa.

Kada ka manta da shekarar Kano. Da hunturu kasuwar abin zafi tana tashi, da bazara rana takan kore ta sai dare, watan azumi kuma ciniki yakan koma bayan tarawihi ne kawai, alhali hayar shekara ce ka biya gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka faɗi wanda zai tsaya a shagon ba. Wurin da ka gani dattijuwar ce shagon: ita ta san wanda ba ya son sukari, ita ta san lokacin sauke kasko kafin gahawa ta ƙone, kuma kuɗin a hannunta suke shiga. Kai kana Kwari daga safe zuwa magariba, wani lokaci ma kana ƙasar waje. Idan yaro ne kawai za ka ɗauka a kan albashi, za ka sami rediyoyi a bango da gahawa mai ɗanɗanon ƙauri. Ya fi kyau ka nemi wanda ya iya sana'ar kuma yake sonta, ko da tsohon mai shayi ne, ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, kai da jari shi da aiki, a raba riba bisa kason da kuka amince, domin wanda yake da rabo a cikin riba ba ya barin gawayi ya ƙone a banza.

Don haka ga abin da zan yi da a ce ni ne. Zan cire abin da bai kai miliyan ɗaya ba, in kafa rumfa mai tsabta a ƙofar gida ko gefen shagon wani da zai karɓi kuɗin wata-wata, in buɗe daga la'asar zuwa dare kawai, in fara a watan Nuwamba don in shiga da sanyi. Gahawa iri biyu ta isa, ta Habasha da mai citta irin ta Sudan, tare da dabino da gugguru, da shayi ga wanda ya raka abokinsa. Kuɗin wannan harka su sami asusunsu daban, kada su haɗu da na yadi ko da na kwana ɗaya. A riƙa rubuta abu uku a littafi kowane dare: kofi nawa aka sayar, nawa aka kashe, da mutum nawa ne suka taɓa zuwa suka sake dawowa. Na ukun shi ne zai gaya maka gaskiya, domin a makon farko kowa zai zo kallo.

Idan rumfar ta haye hunturu, ta shiga zafin Maris da Afrilu tana biyan kanta da fuskokin da suka saba, to sai ka je ka yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar CAC, ka yi ciniki da mai shagon a kan hayar shekara ɗaya, ba biyu ba, sannan ka fara zagaya Kasuwar Kurmi da wurin masu gyaran rediyo kana neman kayan bango. Ka turo mini littafin bayan wata uku mu duba shi tare.