Koyar da ilimin halayya da ƙirƙirar wasannin tebur: taura biyu za ta taunu?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma burina in zama malamar jami'a. Sai dai ina matuƙar son ƙirƙirar wasannin tebur, irin na kati da allo. Abokan karatuna sun ce shiririta ce, wai taura biyu ba ta taunuwa. Haka ne?

Amsa: Malama, wannan taurar kam tana taunuwa, domin sana'o'in biyu duk abu guda suke tono: me ke sa mutum ya zaɓi kaza ya bar kaza.

Ki dubi wasan Mafia. Dimitry Davidoff ne ya ƙirƙiro shi a 1986, yana ɗalibin wannan fanni naki a Jami'ar Mosko. A wasan, 'yan tsiraru sun san juna, mafi rinjaye suna cikin duhu, sai a zuba ido a ga yadda zargi da ƙarya da bin yarima a sha kiɗa ke juya taro. Darasin aji ne ya rikiɗe ya zama wasan da duniya ke yi har yau.

Ga kuma abin da masana ilimin halayya Kahneman da Tversky suka bayyana a 1979, cewa ɗacin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita ƙarfi a zuciya. Ki ƙwace wa ɗan wasa maki biyu, zai tashi da fushi. Ki bar masa nasa ki ƙara wa sauran 'yan wasan biyu-biyu, lissafin bai canza ba, amma sai ya shanye. Mai ƙirar da bai yi karatunki ba sai ya sha wuya kafin ya gano haka.

To amma kada ilimin ya ruɗe ki. Na sha ganin wasan da malami ya cika shi da darasi har ya zama jarrabawa, ba mai marmarin zagaye na biyu. A ɗakin bincike mutane kan daure su ƙarasa. A kan tebur, da an gundure su sai su janyo waya. Ki yanka kwali, ki rubuta katunan da hannu, ki ba waɗanda ba sa jin nauyinki su buga, ke kuma ki yi shiru kina kallon fuskokinsu.

Batun kuɗi kuwa, kamfanin da ya buga wasa ɗan kaso kaɗan yake ba mai shi daga ciniki. Klaus Teuber, wanda ya ƙirƙiro wasan Catan da ya fito a 1995, ya ci gaba da sana'arsa ta haɗa haƙoran roba har sai da wasan ya kafu sosai. Sannan ƙarin girma a jami'a da takardun bincike ake samunsa, ba da akwatin wasa ba. Saboda haka ki ƙera wasan da zai zame miki kayan gwaji, ki tattara bayanan yadda aka buga shi, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun kafin ki fara, sannan ki rubuta sakamakon ki tura mujalla.