Yadda ake ciro kumbo daga teku

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ruwan teku ba ya lalata kumbon da za a sake harbawa. Yana lalatawa mana. Ruwan gishiri ba irin na Kogin Kaduna ba ne, cin ƙarfe yake, shi ya sa ba a barin kumbon ya jima a ciki.

Duba Dragon, kumbon 'yan sama jannati na kamfanin SpaceX na Amurka. Manyan lema huɗu ke sauko da shi. Yana taɓa ruwa, ƙananan jiragen ruwa su iso da gudu, a fara duba ko mansa mai guba na yoyo. Sai mutum ɗaya ya haye kansa ya ɗaura igiyoyi, a ɗaga shi zuwa babban jirgi, sannan a buɗe wa 'yan sama jannati.

Wanda ya sauka kusa da jihar Fulorida ta Amurka a Agustan 2020 ma, gyara shi aka yi, ya sake tashi a Afrilun 2021.